Muhawara: Waya ce ke kama mutum, ko halinsa ne ke miƙa shi gare ta?

Malam Nasiru (Jidda): Assalamu alaikum jama'a. Duk lokacin da aka taɓo zancen tarbiyyar yara ko zaman aure a zauren nan, sai wani ya ce waya ta lalata mutane, kowa ya ce haka ne, a wuce. Ni ban gamsu da maganar a haka ba, kuma ina so mu zauna a kanta. A gida ɗaya za ka ga 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, waya iri ɗaya aka saya musu, intanet ɗin gidan ɗaya. Ɗaya zai duba saƙonsa ya ajiye ya kama harkarsa, ɗayan kuwa har a yi kiran Assalatu yana kwance hasken waya na haska masa fuska. In da laifin na wayar ne kaɗai, da duka biyun ta kama. Ra'ayina shi ne halin mutum ne ke yanke yadda zai kasance da ita. Dakta Hadiza, wannan fagenki ne, in kin samu sarari ki sa mana baki.

Hajiya Rabi (Makka): Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, kai yaro ne a ƙasar nan, bari in gaya maka. Na zo Makka tun lokacin da in kana son ka ji muryar mahaifiyarka sai ka ɗauki magana a kaset ka ba alhazai su kai, ka jira wani aikin Hajjin kafin amsa ta dawo. Na san mutanen nan kafin waya, na san su bayanta. Akwai wata abokiyar kasuwata a Shari'a Mansur, mace kamila, mai natsuwa, wadda ko allura ta ɓace a shagonta ta san inda za ta nemo ta. Yanzu mai saye zai tsaya a kanta ya yi sallama sau biyu, ya ɗaga yadin ya tambayi kuɗinsa, ita kanta na ƙasa tana murmushi da bidiyo, sai ya ajiye ya shiga shagon gaba. Wane mugun hali ke gare ta da? Babu. Ka shiga Harami ka gani da idonka: mutum ya biya miliyoyi ya zo, yana cikin ɗawafi hannunsa a sama yana kiran bidiyo, yana juya wayar yana nuna wa mutanen gida Ka'aba, zagaye nawa ya yi ma bai sani ba sai ya tambayi na kusa da shi. Duk waɗannan masu raunin hali ne? Abin nan fitina ce da ta zo wa kowa.

Malam Nasiru (Jidda): Hajiya, Allah Ya ƙara girma. Amma a bayan wannan mutumin akwai wani da wayarsa ke cikin jaka a kashe, shi ma daga ƙasa ɗaya suka zo, jirgi ɗaya ma wataƙila.

Dakta Hadiza (Riyad): Salamu alaikum, sai yanzu na fito daga aiki. Malam Nasiru, maganarka tana da tushe a bincike, ita ma ta Hajiya ba a banza take ba, amma bari in fara da taka.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna hali da manyan sassa biyar. Akwai saurin damuwa, wato mutumin da abu kaɗan ke tayar masa da hankali, ya kwana yana saƙa da warwara. Akwai tsari da kame kai, wanda in ya ce ƙarfe tara zai kwanta to tara ɗin ce. Akwai son shiga jama'a, akwai sauƙin kai wajen zama da mutane, sai kuma son sanin sabon abu. Kowa yana da rabonsa a kowanne, wani da yawa wani kaɗan, ba wai ana raba mutane gida biyar ba ne. Da aka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban kan yawan amfani da waya har ya zama matsala, abu biyu ne suke ta fitowa a kai a kai: mai saurin damuwa ya fi faɗawa, mai tsari da kame kai ya fi tsira. Sauran ukun sakamakonsu na sauyawa daga wannan bincike zuwa wancan.

Abin da zai yi wa Malam Nasiru daɗi shi ne, ɗaya daga cikin binciken farko a kan wannan, wanda Bianchi da Phillips suka yi a Ostireliya, ya fito ne a 2005. Lokacin babu iPhone, sai 2007 ta fito, wayoyin masu madannai ne, akasari kira da tes ake yi da su. Amma tun a lokacin an ga cewa matasa, da masu son jama'a sosai, da waɗanda suke raina kansu, sun fi sauran wuce gona da iri. Ke nan tun kafin a zuba wa wayar abubuwan jan hankali, hali yana taka rawa.

Sai dai kada a ɗauki wannan ya zama hukunci a kan mutum. Alaƙar ba mai ƙarfin da za ka dubi wani ka ce lallai zai kamu ba ce. Kuma yawancin binciken a kan ɗaliban jami'a aka yi, da takardar tambayoyi da mutum yake cikawa da kansa, kuma an gano cewa awannin da mutane suke faɗa ba su cika dacewa da abin da wayar kanta ta ƙirga ba.

Sani Direba (Jidda): Dakta, ni tambaya gare ni. Aikina kai saƙon abinci ne, daga la'asar har tsakar dare idona na kan waya, ita ke nuna mini hanya, ita ke kawo mini aiki. In aka ƙirga awannina za a ce na fi kowa kamuwa. Ni ma ina cikin marasa lafiyar ke nan?

Dakta Hadiza (Riyad): A'a Malam Sani. Yawan awanni ba shi ne ma'auni ba, balle a ƙasar nan da komai ya koma cikin waya. Harkar iƙama (takardar izinin zama) da biza sai manhajar Absher, izinin shiga Rauda sai manhajar Nusuk, biyan kuɗin wuta da aika kuɗi gida duk a nan ne. Abin da ake dubawa shi ne: ka sha yin niyyar ragewa ka kasa? In wayar ta mutu ko ka manta ta a gida, ranka yana ɓaci fiye da kima? Ta ci maka barci, ko sallah, ko aiki, ko zamanka da iyali, ka gani da idonka amma ka ci gaba? Kuma a sani, har yanzu ba a sa yawan amfani da waya a jerin cututtuka a hukumance ba. Wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2019 shi ne matsalar wasannin bidiyo, ya fara aiki a 2022.

Sani Direba (Jidda): To in haka ne ni na tsira, amma akwai abokin aikina da nake jin tsoron abin da zai same shi. Kun san tarar riƙe waya a tuƙi daga riyal 500 ne zuwa 900, kuma kyamara ce ke kamawa, ba roƙo ba magiya. An ci shi tarar nan ba sau ɗaya ba, kuɗin da ya kamata ya tura wa iyalinsa a Katsina. Na zauna kusa da shi a mota muna kan titin Haramain, wayar ta yi ƙara a kan cinyarsa, wallahi kafin ƙarar ta gama hannunsa ya riga ya kai, motar ta ɗan karkata, na bayanmu ya danna masa oda. Da ya duba, ba kowa ba ne, talla ce. Na ce me ya sa ba ka bari mu tsaya ba? Ya ce bai ma san ya ɗauka ba. Kuma haka yake a komai, in ya ga takalmi a kanti sai ya saya, albashinsa ba ya kai tsakiyar wata.

Maman Ihsan (Riyad): Ku yi haƙuri in sa baki, ban cika magana a nan ba. Ni maganar hali ɗin nan ta ɗan sosa mini rai. Ina aiki a gidan Larabawa, 'ya'yana uku suna Kano wajen mahaifiyata. In na gama aiki na shiga ɗakina ba ni da kowa sai wayar nan. Zan tura wa babbar 'yata saƙo in zauna ina kallon alamar nan ta shigar saƙo, in ta tsaya guda ɗaya sai gabana ya faɗi, in ce ko ba lafiya, ko wani abu ya faru. Na san sarai wataƙila wuta ce babu, caji ya ƙare. Amma zan duba, in ajiye, in sake ɗauka, har ƙarfe biyu, ga shi ƙarfe biyar zan tashi. To wannan halina ne ko nisa da 'ya'yana? Duk uwar da aka raba da 'ya'yanta haka za ta yi. Kada a zo a ce muna da wata naƙasa a hali.

Abubakar (Jidda): Anti, Allah Ya sada ki da su cikin alheri. Ni ɗan Mai Wurno ne, iyayena da ƙannena suna Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 wayar nan ba ta bar hannuna ba. Lokacin da birnin Wad Madani ya faɗa hannun mayaƙan RSF a Disamban shekarar, muka san abin ya matso kusa da mutanenmu, sannan a Fabrairun 2024 layukan sadarwa suka ɗauke a kusan duk ƙasar. Ina kiran lambar da na san ba za ta shiga ba, ina bin duk wani zaure da ake saka sunayen waɗanda suka rasu. Don haka ina tare da ke, yanayi ne.

Amma gaskiya ɗaya zan faɗa. Ɗaki ɗaya muke da yayana, uwarmu ɗaya, tashin hankalinmu ɗaya. Shi yakan duba labarai bayan Isha'i, ya kira waɗanda za su iya samun labari, ya yi addu'a ya kwanta. Ba don bai damu ba, shi ne ma yake neman hanyar da kuɗi zai isa gare su ta manhajar banki ta Bankak. Ni ne ba na iya kwanciya. Tun muna yara haka muke, in Baba ya yi dare a gona shi barci yake, ni ina bakin ƙofa.

Dakta Hadiza (Riyad): Maman Ihsan, 'yar'uwa, ba naƙasa ba ce, kuma duk wanda ya ce miki haka bai san abin da yake faɗa ba. Saurin damuwa shi ne yake sa uwa ta lura da zazzaɓin yaro kafin kowa. Matsalar ita ce waya ta ba wannan damuwar wurin da za ta riƙa komawa ba iyaka. Duk dubawa ɗaya tana kwantar miki da hankali na minti biyu, sai ƙwaƙwalwa ta koyi cewa maganin faɗuwar gaba shi ne a sake dubawa, sai tazarar ta riƙa raguwa.

Wani masani mai suna Joël Billieux da abokan aikinsa sun bayyana a 2015 cewa hanyoyi uku ne suke kai mutum ga wannan matsalar, kuma abin mamaki duka ukun sun bayyana a zauren nan. Ta farko ita ce neman kwanciyar hankali a wurin mutane, mai damuwa ko mai raina kansa da yake son a tabbatar masa kullum cewa lafiya lau, ana son sa, ba a manta da shi ba. Ta biyu ita ce rashin iya danne zuciya, kamar abokin Malam Sani, kuma ita ce aka fi dangantawa da amfani da waya a inda aka hana. Ta uku ta mai son jama'a da neman abin da zai motsa shi ce, wanda shiru ke gundura.

Dalilin da ya sa na damu da wannan rabe-raben shi ne magani. Zazzaɓi ɗaya ne a jiki, amma na cizon sauro daban, na taifot daban, in ka ba wannan maganin wancan ka ɓata lokaci. Mu kuwa nasiha ɗaya muke yi wa kowa: ka ajiye waya, ka ji tsoron Allah. In ka ƙwace wayar mai damuwa ka ƙara masa damuwa ne, zai je ya ari ta wani. In ka yi wa mai rashin danne zuciya doguwar nasiha zai yarda da kai har da hawaye, gobe hannunsa ya sake kaiwa, domin ba da shawara yake ɗauka ba.

Ummi (Makka): Ni a nan aka haife ni, ina jami'a yanzu, kuma ina so in kare Hajiya duk da na san mu take nufi da faɗanta. Dakta, in aka tsaya a kan hali kawai an wanke kamfanonin nan tas. Ba haka kawai abubuwan suka zo ba, tsara su aka yi. Shafi ba ya ƙarewa, kina ja yana zuwa. Bidiyo na ƙarewa wani ya fara ba tare da kin taɓa ba. A Snapchat, wanda kusan duk ƙawayena a nan suke kai, akwai lissafin kwanakin da kuka jera kuna tura wa juna hoto, in kika tsallake rana ɗaya ya goge. Na ga yarinya ta ba ƙanwarta lambar sirrinta za ta shiga asibiti, don kada lissafin ya yanke. A Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad an yi wani bincike da aka wallafa a 2016 kan ɗalibai sama da dubu biyu, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu suka ce suna wuce awa 8 a rana a kan waya. Ba zai yiwu a ce duk waɗannan halinsu ne ya lalace ba. Ko su Apple da Google sai da suka saka ma'aunin lokaci a wayoyinsu a 2018, saboda sun san abin da suka ƙera.

Kuma don Allah iyayenmu, ba mu kaɗai ba ne. Saƙonnin murya na minti goma-goma da ake turowa zauren dangi ƙarfe ɗayan dare, ba yara ke turo su ba.

Malam Nasiru (Jidda): Ummi, ban wanke su ba. Amma ki duba abin da kika lissafa da kyau. Lissafin kwanakin nan wa yake kamawa? Wanda yake tsoron a ce ya yar da ƙawance. Bidiyon da ba ya ƙarewa wa yake kamawa? Wanda ba ya iya cewa ya isa. Su ma kamfanonin halin mutane suka karanta, kowanne suka tanadar masa nasa. Ni abin da nake gudu shi ne uba ya ce waya fitina ce, ya ƙwace ta duka gidan ko ya sakar wa duka gidan, bai taɓa zama ya gane cewa 'yarsa ta biyu tsoro ne ke cin ta ba.

Alhaji Ɗanjuma (Makka): To in dai hali ne ai magana ta ƙare. Hali zanen dutse. Sai mu sa musu ido da addu'a.

Ustaz Kabiru (Madina): Baba Alhaji, a gafarce ni, a nan kam ban bi ka ba. Malaman tarbiyya sun yi wannan muhawarar tun da daɗewa. Imamu Gazali ya yi raddi ga masu cewa ɗabi'a ba ta sauyawa, ya ce in da haka ne da wasiyya da wa'azi da ladabtarwa duk sun zama aikin banza. Kuma bai ce a tumɓuke fushi ko sha'awa daga zuciya ba, cewa ya yi a horar da su su dawo daidai, kuma ya yarda wani yana saurin karɓar horo, wani sai an daɗe. Muna gani a Ramadan: mutumin da ba ya iya awa ɗaya bai sha shayi ba sai ya kai Magariba. Abin da ya taimake shi shi ne lokaci ne sananne, kuma kowa a kewayensa yana yi.

Dakta Hadiza (Riyad): Haka ne Ustaz, kuma binciken da ya bi mutane shekara da shekaru ya nuna hali yana motsawa: yawanci tsari da kame kai na ƙaruwa yayin da mutum ke manyanta, saurin damuwa na raguwa. Amma ba sai an jira wannan ba.

Maman Ihsan, ke abin da za ki gwada shi ne ki tsayar da lokaci da mutanen gida. Muna gaban Najeriya da awa biyu, ƙarfe goma a nan takwas ce a Kano, yara ba su kwanta ba. Ku yi magana a lokacin kullum, murya da murya. Sannan ki karɓi lambar maƙwabci ɗaya, ku yi alkawari da Mama cewa in akwai matsala kira za a yi, ba saƙo ba. Daga nan saƙon da bai shiga ba ya daina zama labari. Daren farko zai yi wuya, kada ki ɗauka bai yi aiki ba. In kuma faɗuwar gaban ta kai ba kya cin abinci, ko zuciya na bugawa, ko kuka ba dalili, wannan ya wuce maganar waya, ki nemi ganin likita.

Malam Sani, abokinka kada ka dogara da alkawarinsa. A kashe ƙarar duk wata sanarwa in ban da ta aiki, wayar aiki ta hau mariƙinta a gaban mota, ta kansa kuma ta shiga aljihun kujerar baya inda hannu ba ya kaiwa. Mai son jama'a kuwa ba kaɗaici za a ƙara masa ba, mutane na zahiri za a nema masa, ko ƙwallon dare ne ko zaman shayi bayan Isha'i.

Hajiya Rabi (Makka): Na ji duka, Allah Ya yi muku albarka, amma ban sauka daga kan maganata ba. Jikana shekararsa uku. In uwarsa na girki sai ta miƙa masa waya, yanzu ba ya cin abinci sai an jingina masa ita a jikin kofi, yana kallo ana zuba masa a baki, bai san me ya ci ba. In aka ɗauke ya yi ta birgima a ƙasa. Malam Nasiru, shi wannan wane hali wayar ta tarar? Ai ita ce take gina masa halin.

Malam Nasiru (Jidda): A kan ƙananan yara ba ni da ja, Hajiya. Maganata a kan wanda ya riga ya mallaki hankalinsa ce.

Dakta Hadiza (Riyad): Ko a wannan shekarun yara sun bambanta, wani jariri tun a zani ake gane mai rigima ne, kuma irin wannan ne aka fi miƙa wa waya don a samu lafiya, sai ya rasa damar koyon rarrashin kansa. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in an rage ya fi. Hajiya, ku fara da lokacin cin abinci kawai, kada ku haɗa duka a rana ɗaya. Zai yi kuka, wataƙila ya ƙi cin na rana, ba zai ƙi na dare ba. Amma sai uwar da uban sun ajiye tasu a lokacin, kuma ke ce za ki iya gaya musu wannan su ji.

Hajiya Rabi (Makka): Uban ɗana ne, zai ji. Uwar ce sai na bi ta hannun mahaifiyarta, tana Jidda, jibi in Allah Ya kai mu zan je.